Na'ura Tana Cikin Kwali, Hunturu Yana Bakin Ƙofa

Khalti Wanasa, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi da wuri, domin kan dutsen Sheliya ya riga ya fara fari da dusar ƙanƙara, ni kuwa har yanzu ban san inda zan sa kaina ba. Na san in kika ji abin da ya hana ni sukuni za ki yi dariya. Wasu suna rubuto miki kan rabon gado, wasu kan auren da ke shirin mutuwa, ni kuwa ga ni da maganar ɗan dakalin siminti da bai kai faɗin darduma ba. Amma wallahi ɗan dakalin nan yana nema ya raba ni da matata, ko kuma ya sa na karya zuciyar mahaifina.

Ni direba ne, ina jigilar fasinja tsakanin Arris da Batna. Muna zaune a gidan da mahaifina, Si Belkasem, ya gina da hannunsa. Shi yana ɗakin da ke kallon titi tun bayan rasuwar mahaifiyata, ni da matata Nuwara da 'yarmu Markunda muna ɓangaren baya. Markunda tana da asma. Tun tana ƙarama likita ya ce mu nisanta ta da hitar gas, don haka muka daure muka sayi iyakwandishan irin mai ba da sanyi da rani, ya ba da ɗumi da hunturu, muka sa a ɗakinta. Injin waje kuwa dole ya sami wurin zama a tsakar gida, a gindin bangon ɗakin.

Mahaifina magini ne. Ya daɗe da ajiye aiki, amma in kika zaga unguwarmu, da wuya ki wuce gida uku ba ki ga wanda ya sa hannu a ciki ba. Saboda haka ko tambayarsa ban yi ba. Na dawo daga aiki wata ranar na tarar ya riga ya zuba dakalin, ya shafe samansa sumul, yana zaune a gefensa yana shan kofi kamar mai gadin jariri. Na yi murna, na sumbaci kansa.

Hunturun farko aka wuce lafiya, sai ɗan tsagu da ya fito a kusurwa. A na biyu ne dakalin ya fara karkata. Da farko kaɗan ne, sai ka tsaya daga nesa ka lura. Daga baya samansa ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon gurasa, tsagun ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, injin ya riƙa rawa yana ƙara. Ruwan da yake zubarwa in yana ɗumama ɗaki ya riƙa daskarewa a ƙarƙashinsa, ƙanƙara tana hawa kan ƙanƙara. Ranar da aka yi dusar ƙanƙarar nan mai yawa da ta rufe hanya, da safe muna karyawa sai muka ji ƙara kamar an jefa cokali cikin injin niƙa. Fankar ce ta daki ƙanƙara. Bututun ma ya tsage, gas ɗin na'urar ya tsiyaye. Shi ke nan ta mutu, a makon da ya fi kowane mako sanyi.

Ba yadda muka iya, muka dawo da yarinyar falo kusa da hitar gas. Kafin a buɗe hanya ƙirjinta ya toshe. Khalti, ban taɓa jin tsoro irin na ranar da na ɗauke ta a kafaɗa ina lumewa cikin dusar ƙanƙara zuwa asibiti ba, ina jin numfashinta a kunnena kamar ana busa ƙaramin usur. Allah ya rufa asiri ta warware. Amma tun daga ranar Nuwara ba ta ƙara kallon dakalin nan da idon rahama ba.

Da bazara ta ƙare na sayo sabuwar na'ura. Tana nan a falo cikin kwalinta har yau. Nuwara ta shimfiɗa mata mayafin tebur, ta ɗora tulun furanni a kai, baƙi suna ajiye kofunansu a kanta. In na shigo sai ta ce, "Ka gaida ɗan'uwanka, shi ma yau bai fita aiki ba." Ina dariya, amma cikina ba ya dariya.

Abin da ya tsayar da ni shi ne ban san a kan me zan ɗora ta ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ja ni wata hanya dabam. Tufik, mai gyaran da zai haɗa mana ita, ya ce a manta da ƙasa gaba ɗaya, a kafa ƙarafa a bango a rataye injin sama. To amma bangon na jan bulo ne mai rami a ciki, kuma a bayansa gadon Markunda yake. Maƙwabcinmu ya rataye nasa haka, na shiga ɗakinsa na ji yadda bangon yake gurnani kamar ana niƙa a maƙwabta. Ko da ma na yarda, da Baba ya ji sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Wanda zai huda bangon nan, sai ya fara huda ni."

Yayan Nuwara kuma, Ayash, wanda yake sayar da kayan lantarki a El Ulma, ya ce akwai wani faranti mai kauri na roba da ake ɗora injin a kai, ba ya tsagewa, ba ya shan ruwa, mutum ɗaya zai ɗauke shi a hammata. Ya buga mini kafaɗa ya ce, "Kai surukina, har yanzu kana zamanin siminti? Bari in aiko maka da shi a motarka, ka huta da tsofaffi." Na je na gani. Wani na taɓa na ji shi da ƙarfi, wani kuma na danna da babban yatsa ya lotsa. Yaya zan gane wanda zai jure sanyinmu? In ya bushe ya fashe kamar bokitin da aka manta a waje fa? Wani abokina ya ce in sayi falalen kankare da aka riga aka zuba a masana'anta. Wani ya ce duk a banza ne in ba a ɗaga injin a kan ƙafafun ƙarfe ba.

Abin ya shiga kaina har ya fara taɓa aikina. Ina tuƙi idona yana kan bangon mutane. Duk gidan da na ga inji a waje sai na rage gudu in ga a kan me ya zauna, ya miƙe ko ya karkata. Makon jiya wata tsohuwa daga kujerar baya ta ɗaga murya ta ce, "Kai direba, hanya kake kallo ko gidan za ka saya? In aure kake nema a ciki ka sauke mu tukuna!" Duk motar ta ɗauki dariya. In na zauna cin abinci wayata tana hannuna ina kallon dakalan mutanen ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Shakshukar da Nuwara ta yi ranar Juma'a sai da ta huce a gabana.

Amma Khalti, duk wannan ba shi ne ainihin ciwon ba. Ciwon shi ne Baba ya riga ya yanke shawara. Shi kaɗai ya ɗauki guduma ya farfashe tsohon dakalin, ya kwashe ɓaraguzan a bokiti kaɗan-kaɗan. Ya sayo buhun siminti ya jingine a zaure, ya wanke cokalin gininsa, ya fito da katakan da zai kewaye kwaɓin da su. Ya ce simintin wancan karon ne ba shi da kyau, simintin yanzu duk toka ne. Kullum da safe in zan fita sai ya ce, "Yau in kwaɓa?" Ni kuma in ce ya bari tukuna, Tufik bai sami lokaci ba.

Ni kuwa na san ba siminti ba ne kaɗai. Na ga yadda ya zuba na farkon: a kan laka kai tsaye, babu tsakuwa a ƙasa, babu rodi a ciki, kuma ya tsinka kwaɓin da ruwa sosai, domin hannunsa ba ya iya juya mai tauri yanzu. Mutumin da a da in lebura ya ƙara ruwa ko kofi ɗaya sai ya kore shi! Sannan idonsa. Na gan shi yana zuba kofi a gefen kofin, ya yi sauri ya goge da hannun rigarsa don kada in gani. Na gan shi ya ɗora ma'aunin daidaito a kan katako, ya kawo fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin yana neman ɗigon iskar, sannan ya miƙe ya ce, "Daidai." Ba daidai ba ne, Khalti. Daga inda nake tsaye ina ganin ɗigon ya gudu gefe.

Yaya zan buɗe baki in gaya wa mutumin da ya ciyar da ni da wannan sana'ar cewa hannunsa ya gaji? Tun rasuwar mahaifiyata bai yi ɗokin komai ba irin yadda yake ɗokin dakalin nan. Kuma ina zargin a ransa ya ɗora wa kansa laifin abin da ya sami Markunda, yana so ya gyara da hannunsa. Bai taɓa faɗa ba. Amma duk ranar da ta yi tari sai ya tashi ya fita tsakar gida ya tsaya a kan ramin da tsohon dakalin ya bari.

Nuwara tana girmama shi, ita take yanka masa farce, ita take tuna masa maganinsa. Amma ta gaya mini a fili: in dusar ƙanƙarar farko ta sauka na'urar tana cikin kwali, ko kuma aka sake ɗora ta a kan aikin da zai karkata, za ta ɗauki yarinyar su tafi wurin ƙanwarta a Biskra inda babu sanyi, sai bazara, makaranta ko ba makaranta. Ta ce, "Kai kana tsoron ran Baba ya ɓaci, ni ina tsoron ran 'yata ya fita. Ka auna."

Ki gaya mini wane irin mazauni ne zai jure hunturunmu, kuma ki gaya mini yadda zan yi da buhun simintin da ke zaure.

Daga direban da hankalinsa ya bar hanya, Arris.

*

Ɗana, ban yi dariya ba, sai dai a wurin tsohuwar motarka, kuma ina bayanta. Ka mayar da idonka kan hanya. Rayukan mutane kake ɗauke da su, kuma amsar da kake nema ba ta jikin bangon kowa.

Bari mu fara da mai sauƙin. Na kai wasiƙarka wurin mutum biyu masu haɗa irin waɗannan na'urori a nan Batna, waɗanda ba su san juna ba, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Dukansu sun ce kana ta wahalar da kanka a kan abin da za a ɗora, alhali matsalar tana ƙarƙashinsa. Laka tana riƙe ruwa. In sanyi ya kama ta sai ta kumbura ta ɗaga abin da ke kanta, in rana ta fito ta saki, kuma ba ta ɗagawa daidai ko saki daidai. Ko siminti ne, ko roba, ko falalen masana'anta, in ka shimfiɗa shi a kan laka tsirara zai karkata. Don haka a haƙa ramin ya fi dakalin faɗi, a kwashe lakar kamar zurfin taƙi ɗaya ko fiye, a cika da tsakuwa, a daddaɓe ta sosai hawa-hawa, a kuma bar wa ruwa hanyar da zai gangara nesa da bango.

Na biyu, kada injin ya zauna a kan dakalin kai tsaye. Abokinka da ya yi maganar ƙafafun ƙarfe shi ya fi kowa gaskiya. A ɗaga shi a kan ƙafafun da ba sa tsatsa, sama da inda dusar ƙanƙara take kaiwa a tsakar gidanku, ka fi ni sanin wurin, amma kada ya gaza kusan tsayin gwiwa. A sa roba mai kauri tsakanin injin da ƙarfen don ta shanye rawar. Ta haka ruwan da yake zubarwa zai sauka ya tafi, ba zai taru ya kai ga fanka ba. Ka kuma ɗaga kai ka duba sama: in wurin yana daidai inda dusar ƙanƙara take zamowa daga rufi, a matsar da shi ko a yi masa 'yar rumfa wadda ba za ta toshe masa iska ba.

Game da abin ɗorawar, kowane yana da nasa. Farantin Ayash ba abin rainawa ba ne, mai kyau ba ya tsagewa, amma ba shi da nauyi, kuma kai da kanka ka ce ba ka iya bambance mai kyau da na banza. Abin da ba ka iya tantancewa, kada ka ɗora lafiyar 'yarka a kai. Ratayewa a bango tana raba ka da matsalar ƙasa, amma jan bulo mai rami da gadon yarinya a bayansa, a nan mahaifinka bai yi kuskure ba, ko da dalilinsa dabam ne. Kankaren da aka zuba da kauri, da rodi a ciki, da kwaɓi mai tauri, ya fi su duka daɗewa. Ka ga nan ma tsohon yana kan hanya. Sai dai lokaci ya ƙure. Ɗanyen kankaren da sanyin asuba ya kama kafin ya yi ƙwari ya lalace tun daga haihuwa, kuma mahaifinka ya san wannan fiye da ni da kai. Saboda haka a bana ka sayi falalen kankare mai kauri da aka riga aka zuba ya bushe, a ɗora a kan tsakuwar, a kafa ƙafafun, Tufik ya haɗa. Aikin yini ɗaya ne. Ka kira shi yau ku sa rana a cikin makon nan.

Yanzu mai wuyar. Ɗana, zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba. Binciken da kake ta yi ba neman ilimi ba ne, gudun magana ɗaya ne da mahaifinka. Kowace safiya da kake cewa Tufik bai sami lokaci ba, kana ganin kana tausaya masa ne, amma kana barin dattijo yana jira da cokali a hannu kamar lebura a bakin kasuwa. Wannan ya fi gaskiyar ciwo. Kuma kada ka ɗauka bai sani ba. Mutumin da yake goge kofi da hannun riga ya riga ka sanin halin da idonsa yake ciki.

Nuwara ba barazana take yi maka ba. Uwa ce da ta ga 'yarta tana kokawa da numfashi, kuma ta yi haƙuri tun ƙarshen bazara. Kada ka bari ta zama ita ce mai faɗa wa surukinta abin da ɗansa ya kasa faɗa, domin in hakan ta faru, tabon zai daɗe a gidanku fiye da kowane hunturu.

Ka zauna da shi ku biyu, ba a gaban matarka ba. Kada ka fake da cewa kamfani ne ya hana, ko likita, tsofaffi suna jin warin irin wannan ƙaryar daga nesa. Ka ce masa sanyi ya riga ya shigo, kana tsoron ɗanyen kankare, kuma kana tsoron abin da ya faru bara. Ka ce kana bukatarsa a kan ramin: shi zai faɗi zurfin, shi zai zaɓi tsakuwar, shi zai taka ya ce ta daɗɓu ko ba ta daɗɓu ba, domin wannan da ƙafa ake jinsa ba da ido ba. Shebur da ɗaukar nauyi naka ne, ma'auni kuma a hannunka zai kasance. Ba wasan yara nake ce ka ba shi ba, aikin da ya fi muhimmanci ke nan, kuma ya fi Tufik saninsa. Buhun simintin a ɗora shi a kan katako a rufe da leda, in bazara ta zo akwai magudanar ruwan da za a gyara.

Zai iya yin fushi. Zai iya yini bai yi maka magana ba. Ka jure, ba a mutuwa da shirun uba. In ya huce, ka yi masa maganar idon a wata rana dabam, kada ka haɗa biyun. Sau da yawa irin wannan hazon na tsufa yanar ido ce, kuma likitoci suna cire ta. Ba ni da tabbacin ita ce, likita ne zai faɗa, amma abin kunya ne a ce kana zuwa Batna kullum, ga kujerar gaba a motarka, ba ka taɓa kawo shi an duba ba.

Abu na ƙarshe, ka daina yi wa mahaifinka ƙaramin zato. Kana ta auna yadda zai ji a kan sana'arsa, ka manta kakan yarinyar ne. In aka ajiye masa girman kansa a hannu ɗaya, numfashin Markunda a ɗayan, ba na shakkar wanda zai ɗauka. Kai ne ba ka ba shi damar zaɓa ba.

Allah ya ba Markunda lafiya mai ɗorewa, ya saka wa Nuwara da alheri, ya ƙara wa Si Belkasem haske a ido da tsawon rai, kai kuma ya kai ka da fasinjojinka gida lafiya. Ka gaishe mini da su duka.

Khalti Wanasa